Daɓen Tafkin Hajiya Kande

Ranakun aiki da yawa sun shige mini kamar ruwan da aka zuba a yashi, amma akwai ɗaya da ta ƙi fita daga raina. Ita ce ranar da na tsaya a bayan ɗakin wata tsohuwa a Kurmin Sarki, leburana riƙe da diga, ta ce mana ko cikin cokali ba za a ɗebi ƙasar wurin ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin da na yi kafin in ajiye, ku da kuka shigo sana'ar famfo a bayanmu, to wannan zan ba ku.

A lokacin ni ne foman a wani ƙaramin kamfanin aikin ruwa a nan Suleja. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Injiniya ne a sama, shi ke karɓar aiki ya sa hannu. Foman ke biye masa, shi ke tsayawa a kan aiki tun daga farko har a miƙa shi, sannan falamba, sannan lebura. Yawancin aikinmu ɗora tanki ne da jan bututu a sababbin gidajen da ake ta ginawa wajen Maje. A 'yan shekarun nan ne aka fara kawo mana wani sabon abu, tafkin roba, wanda yara ke ce wa suwimin ful. Ba rami ake haƙa masa ba. A kwali yake zuwa: ƙafafun ƙarfe, da sandunan da ake haɗawa su yi da'ira, da roba mai kauri da ake ratayawa a jikinsu ta zama kamar ƙaton kwano, sai ɗan injin tace ruwa. Ma'aikatan Abuja ne suka fi sayensa.

Wata safiya cikin bazara, zafi ya kai zafi, ruwan farko bai sauka ba, Injiniya ya kira ni ofis. Bakano ne, matashi, mai ladabi. Ya ce, "Malam Haruna, akwai tafki a Kurmin Sarki. Kada ka yi dariya, tsohuwa ce ta saya."

Ban yi dariya ba, amma na yi mamaki. Na ɗauki Danjuma, wani lebura da muka daɗe tare, muka tafi.

Tsohon gida ne na gado a cikin lungu, gabansa bulo, bayansa har yanzu ginin ƙasa. 'Yar tsohuwar, wata malamar makaranta mai suna Rabi, ita ta tarbe mu a zaure. Kafin ta shigar da mu ta rage murya ta ba ni labarin yadda aka yi. Mahaifiyarta, Hajiya Kande, tana da ɗan fari, Dakta Bashir, yana aiki a Ingila da matarsa da 'ya'ya mata biyu. Zuwansu na baya, otal suka sauka a Abuja. Sai su zo da hantsi su gaishe ta, kafin la'asar yaran sun fara ƙorafin zafi suna so a mayar da su wurin iyo na otal. Har suka koma, ko kwana ɗaya ba su yi a gidan ba. Yanzu ga shi za su sake zuwa hutun makaranta, saura mako biyu.

Na ce, "To me ya hana Hajiya ta ce masa su kwana?"

Rabi ta dube ni ta ce, "Haba Malam. Ɗan fari ne fa. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta roƙe shi abu. Cewa kawai ta yi in nemo mata irin ruwan nan da yaran suke so."

Nan na gane irin aikin da aka kira ni.

Muka yi sallama muka shiga. Hajiya tana zaune a kujera 'yar tsugunno, ƙaramar mace, fara tas da furfura, carbi a hannu. Tsakar gidan a cike take: rijiya a gefe, madafi, turken awaki. Fili ɗaya ne zai ɗauki tafkin, bayan ɗakinta, tsakanin bango da katangar maƙwabta.

Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan aikin. Ruwa nauyi gare shi, kuma ba ya san kai, inda ya fi gangare can yake komawa. In gefe ɗaya na tafki ya fi ƙasa, duk nauyin kan ƙafafun gefen zai taru, su lanƙwashe, roba ta yage, ruwan ya tafi da abin da ya tarar, ko yaro ko katanga. Saboda haka dokarmu ɗaya ce: a sare tudu ya sauko ya tarar da kwari. Ba a ciko. Ƙasar da aka zuba, komai kyanta a ido, za ta zauna in ta ji nauyi.

Na kafa turaku, muka cika farin tiyo da ruwa muka auna, ni a wannan baki, Danjuma a wancan. Ƙasar Suleja kun san ta, ba ta rabo da gangare. Bambancin ya kai taƙi guda da 'yan yatsu, kuma tudun yana jikin bangon ɗakin Hajiya. Na ce wa Danjuma ya kawo diga.

Bai kai ga ɗaga ta ba tsohuwar ta miƙe, da saurin da ban zaci tana da shi ba.

"Kai ɗan nan, ina za ka da wannan?"

Na ce, "Hajiya, nan ya fi tudu. Kaɗan za mu sare ya daidaita da can."

"Ba za a sare nan ba."

Na yi mata bayanin da na yi muku yanzu, a hankali. Ta saurara har na gama, ta ce, "Na ji. Ko cikin cokali ba za a ɗebi ƙasar nan ba." Sai ta ce wa Danjuma ya je zaure ya sha ruwa. Da ya fita ta matso, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, kai ba yaro ba ne. A nan na yi wankan jegona duka. Nan ungozoma ta binne mabiyiyar kowane ɗa da na haifa, cibiya ma in ta faɗi nan ake sa ta. Ta wancan na Ingila tana nan daidai inda ƙafarka take."

Na janye ƙafata.

Na yi karatun allo, na ɗan zauna gaban malamai, na san binne abin da ya rabu da jikin ɗan Adam girmamawa ce. Cewa cibiya tana janyo mai ita gida, wannan al'ada ce, Allah shi ke kai bawa ya dawo da shi. Amma ita ma ba ta ce mini tana janyo shi ba. Abin da na gani kawai shi ne, duk abin da ya rage mata na ɗanta a gidan nan yana ƙarƙashin wannan ƙasa, ga shi na zo da diga.

Na fita lungu na kira Injiniya. Ya ce, "Cibiya? Malam Haruna, shekara arba'in da wani abu, ai ta zama ƙasa."

Na ce, "Ta zama ƙasa, ranka ya daɗe. Shi ya sa ta hana a kwashe ƙasar."

Ya ce zai zo da kansa.

Washegari ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kawo shawarwari. Ta farko, a zuba kankare a kan filin duka ya daidaita. Ta ce siminti in ya hau ba ya sauka, ita ba ta yarda a rufe wurin har abada ba, tafki dai ya zauna a kai a ɗauke shi in an gama. Ta biyu, a yi ciko a kawo injin da ke danne ƙasa. Wannan shi da kansa ya janye da ya leƙa tsohuwar rijiyar ya kuma dubi katangar ƙasa ta maƙwabta, don girgizar injin za ta iya rusa su. Ya share gumi ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ba zan ɗora ruwa mai nauyin nan a kan sako-sakon ƙasa yara su shiga ba. Sai dai mu mayar da kayan."

Na dubi Hajiya. Carbinta kawai ya tsaya.

Akwai wata ƙawarta da ta shigo ɗebar wuta ta zauna kallo, Gwaggo Asabe, doguwa, mai faɗin murya. Ita ce ta ce, "Wai ni duk wannan Turancin a kan me ne? Ƙasa ce ba ta da tauri?"

Na ce ita ce.

"Ikon Allah. Ku duk girmanku ba ku san daɓe ba? Ɗakin da aka kai Kande amarya ni na daɓe shi da hannuna, an yi daka a kai har turmi ya tsage, ƙasa ba ta tsage ba."

Injiniya ya yi murmushi ya ce ɗakin kakarsa ma daɓe ne, yana tuna sanyinsa. Ya ja ni gefe muka tattauna. Abin da injin ke yi, shi madaɓi ke yi, bambancin sauri ne kawai. Ya dawo ya kafa sharuɗɗa a gaban kowa. Za a jera duwatsu a bakin kwarin su tokare cikon. Za a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kowane zubi a daɓe shi kafin a ƙara wani. In an gama za a gwada da ruwa. "In ya sauka da kaurin yatsa ɗaya, Hajiya, zan zubar da ruwan in kwashe kayana, ko da baƙin suna ƙofar gida."

Ta ce, "Na yarda."

Jar ƙasa da tsakuwa ba su ba mu wuya ba. Makuba ce ta wahalar da ni, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa ruwansa, shi ke sa daɓe ya kama ya yi ƙarfi. Da, ko ina ka juya a bayan gari ɗorawa ce. Na hau babur na zaga inda na san itatuwan, na tarar da fulotai da tulin bulo. Sai can ƙarshen Maje na sami wata tsohuwa mai daddawa ta tara mini buhu guda, tana tambayata wa zai yi aure.

Ranar daɓe, tun da hantsi tsofaffin unguwa suka hallara, kowacce da madaɓinta da ta zaro daga ƙarƙashin gado, wasu itacen ya yi baƙi don tsufa. Aikin mata ne, maza ba sa tsayawa a wurin, saboda waƙoƙinsa ba na kunnen maza ba ne. Ni kuwa dole in shigo bayan kowane zubi in auna. Gwaggo Asabe ta ce, "Foman, ko ka toshe kunne ko ka koma zaure. Mu ba ma sauya waƙa don mai gemu."

Na ce, "Gwaggo, ni kurma ne yau."

"Ƙarya kake, ga kunnenka nan ya yi ja."

Suka kwashe da dariya har da guɗa. Na koma zaure na zauna ina istigfari ina murmushi.

Daga zauren nake jin su. Madaɓai suna sauka tare, tim, tim, tim, murya ɗaya ta bayar, saura su amsa. Rabona da wannan sauti tun ina yaro a Iku, ranar da aka daɓe ɗakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Na tuna ƙanshin makuba a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da yadda ta hana mu takawa har ya bushe. Gidan namu an sayar tun tuni, ɗakunan haya ne yanzu a jere. Ban san abin da ke kan tawa cibiyar ba, ko ɗakin wani baƙo ne, ko wurin ajiye mota. Danjuma ya tambaye ni ko wani abu ya faɗa mini a ido. Na ce hayaƙin madafi ne.

Ba a yini ɗaya aka gama ba, don tsofaffi ne, kuma kowane zubi sai ya sha iska. Hajiya da kanta ta karɓi madaɓi a zubin ƙarshe. Gefen tudun, inda ta hana a taɓa, ba ta bar kowa ya daɓe shi ba sai ita, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Da ya bushe na buga masa dunduniya, ya amsa kamar dutse.

Sauran aikin kun san shi. Muka baza lallausan yashi, muka shimfiɗa tampol, muka haɗa sanduna, kowace ƙafa muka ɗora ta a kan faffaɗan bulo. Tankar ruwa ba ta shiga lungun, sai 'yan garuwa muka yi ta kira da kurarsu. Da ruwa ya kai idon sawu na cire takalmi na shiga ina miƙar da roba da tafin ƙafa don kada ta naɗe. Da ya kai rabi muka tsaya, na yi alama a jikin roba ta kowace kusurwa, muka bar shi ya kwana.

Da safe Injiniya ya riga ni zuwa. Shi ya auna da hannunsa. Gefen cikon ya sauka, amma da kaurin tsinken ashana. Ya daɗe a tsugune yana duban alamar, Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa ba ta ko motsi. Ya sake aunawa. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Malam Haruna, a cika shi."

Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi," ta shige ɗaki. Ba ta fito ba har muka tafi. Sai na yi wa Rabi bayanin sauran: a cire tsani in ba kowa, a rufe da murfi, kada a bar yaro shi kaɗai ko na ƙiftawar ido.

Ranar da baƙin za su zo, Rabi ta roƙe ni in kasance a wurin saboda injin. Sun sauka a otal kamar yadda suka saba, suka iso da hantsi. Dakta Bashir ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Ta kawar da kai ta ce, "Lafiya lau. Ya hanya?" Shi ke nan gaisuwar shekaru.

Rabi ta ja yaran zuwa bayan ɗaki. Babbar, mai kamar shekara goma sha biyu, ta leƙa ta faɗi wani abu da Turanci. Ɗan abin da nake ji ya ishe ni in gane: wai ƙarami ne, na otal ya fi shi. Ta koma inuwa da wayarta. Na saci kallon Hajiya. Ba ta jin Turanci, amma ta ji wannan.

Ƙaramar ce, mai sunan Hajiya, da suke kira Ummi, ta tsaya ta kama bakin tafkin tana ɗaga dunduniya. Kafin uwarta ta gama nemo mata kayan wanka ta hau tsani. Ta faɗa, ta taso tana ihu, ta ɗebo ruwa da hannu biyu ta watsa wa kakarta.

"Ja'ira! Takwarar banza, za ki jiƙa mini zane!"

Yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta ƙara watsa mata. Hajiya ta jawo kujerarta har jikin tafkin. Haka suka yini, ɗaya na Hausa, ɗaya na Turanci, kowacce tana ba ɗaya amsa. Sai da yatsun yarinyar suka yi yaushi aka ciro ta. Hajiya ta naɗe ta da zanenta, ta ba ta tuwo a baki, bayan la'asar barci ya kwashe ta a cinyarta.

Rana ta yi ja. Dakta ya duba agogo ya ce, "Inna, za mu kama hanya kafin cunkoso."

Ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Amma ba ta motsa ba.

Ya sunkuya zai ɗauki yarinyar, yana dariya. "Inna, magariba ta kawo kai. Ke da kike tashinmu da mafici in mun yi barci war haka?"

Ba ta dube shi ba. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Rabi, gaya wa yayanki yarinyar nan ta gaji."

Iyakar roƙon da za ta iya ke nan.

Ya saki yarinyar, ya zagayo bayan ɗaki inda nake kashe injin. Ina jin wurin tsayawa kawai yake nema. Ya dubi jan daɓen da ya kewaye tafkin, ya shafa shi da takalmi ya ce, "Malam, wannan ai daɓe ne. Me ya sa aka yi ciko? Ba sare tudun ya fi sauƙi ba?"

A sana'armu ba a fitar da maganar gida. Amma shi ɗan gida ne, kuma tambayar aiki ya yi mini. Na ce, "Ya fi sauƙi, Dakta. Hajiya ce ta hana."

"Saboda me?"

"A nan aka yi wankan jegonka."

Ya dubi gindin bangon. Muna tsaye a haka aka kira salla, muka tafi masallacin unguwa tare, kafaɗa da kafaɗa, muka dawo. A zaure ya kira matarsa suka yi ƙus-ƙus. Direba ya tafi da ita da babbar yarinyar. Shi kuwa ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki ya ce, "Rabi, ɗakin Baba a share yake?"

Daga cikin gida na ji muryar Hajiya, ita ma da Rabi take: "Tun shekaranjiya aka share."

Kwana ɗaya suka yi, shi da Ummi. Sauran hutun ya tafi a ziyarce-ziyarce da sabgogin Abuja, suka koma. Kafin damina ta kankama na je na kwance tafkin, na wanke robar na shanya, muka naɗe. Hajiya ta sa aka kai shi ɗakinta, ba ɗakin ajiya ba.

Dokar tana nan yadda na koya muku, a sare tudu, kada a yi ciko, kuma wanda ya karya ta ba tare da gwaji ba zai ɗauki alhakin rai. Abin da na ƙaru da shi shi ne, tiyo yana gaya maka inda ƙasa ta fi tudu, ba ya gaya maka abin da ke cikinta. Kafin ka ɗaga diga a gidan mutane, ka tambaya, kuma ka tambayi tsofaffi. Sau da yawa wanda ya kira ka aikin ruwa, akwai wata ƙishirwar da bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Na ajiye aiki yanzu, amma duk bazara sai ta aiko a kira ni in duba mata robar, ko ɓera ya taɓa. Bana ma na je. Na warware ta a tsakar gida na duba ta ciki da bai, na ce lafiyarta ƙalau. Ta ce, "To naɗe ta da kyau, Malam, kada ka yi nisa. An ce wataƙila su zo."